Babana, ba yanzu za ka dawo gida ba

Assalamu alaikum.

Babana, ya jiki, ya sanyin Toronto? Uwar 'ya'yanka ta kira ni shekaranjiya, kuma kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun da likita ya gaya maka jikinka ya fara ƙin huhun da aka dasa maka, ka jefa na'urar auna numfashi a durowa, kana ta zancen tattara kaya ka dawo Kano. Ban amince ba.

Wannan abu da suke kira CLAD, wato raunin da huhun dashe ke yi a hankali, ba sakacinka ya jawo shi ba. Kusan rabin waɗanda aka yi wa dashen huhu suna haɗuwa da shi cikin shekara 5. Naka shi ne BOS, wato ƙananan hanyoyin iska ne ke yin tabo suna ƙuntata. Idan iskar da mutum ke fesarwa a daƙiƙar farko ta ragu da kashi 20 cikin 100 na mafi kyawun awonsa bayan tiyata, ta kuma zauna a haka, shi ke nan an sa masa suna. A aikin jinya na tsufa, ba zan rufe ka ba: inda ya yi tabo ba ya komawa. Amma wanda ya rage ana iya riƙe shi, wasu har shekaru, kuma ba a riƙe shi da ka. Ka ɗauko na'urar nan, ka riƙa hurawa kullum da safe kana rubutawa. In awon ya sauka da kashi 10 ya ƙi tashi, ka buga musu waya, kada ka jira ranar ganin likita.

Azithromycin ɗin da aka sa ka sha sau uku a mako, ka ba shi lokaci, wasu har awonsu yakan ɗaga. In bai karɓe ka ba akwai ECP: a ɗebi jini, a ware fararen ƙwayoyinsa, a sa musu magani a haska su da wani haske, a mayar maka. Zama ne mai gajiyarwa, na sani, amma ka je. Ka kuma faɗa musu ƙwannafin nan da kake rainawa, domin ruwan cikin da ke tasowa cikin dare yana iya zarcewa huhu. Ka ɗaga kan gadonka, kada ka kwanta da tuwo a ciki. Zancen sake dashe kuwa, kai ka fara tayar da shi, ka ji ko ka cancanta.

To, gida. Me za ka tarar? Hazo ya sauka, da safe in na shafa tabarmar salla sai tafina ya yi fari. Ga turaren wutan ƙannenka, ga tattabarun autana a tsakar gida. Allurar shawara da ake neman katinta a filin jirgi, mai shan maganin danne garkuwar jiki ba a yi masa ita. Sannan kawunka na nan da jiƙe-jiƙensa, ya riga ya fara aiko mini da ƙulli. Allah ya saka masa, amma ko kurɓi ɗaya ban yarda ba, don ba mu san yadda zai yi da tacrolimus, maganin danne garkuwar da kake sha, a jininka ba. Wa zai riƙa auna maka shi a kan kari a nan?

Maganin nan duk awa 12 ake shansa, kuma ƙoda na jin jiki da shi, balle in babu ruwa. Saboda haka azumin bana kada ka yi taurin kai irin na mahaifinka. Ka tambayi likita, in ya hana, Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame. Ka turo kuɗin ciyarwar, zan sa a raba a unguwa. In za ka Juma'a ka sa takunkumi, ka tsaya gefen sahu.

Ni zan zo, ƙaninka ya fara cike mini takardun biza. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.