Wasiƙa zuwa ga Sani kan wasa aska

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da baffanka da mutanen gidansa. Ya gaya mini ya ɗora ka a kan dutsen wasa amma bai bar ka ka taɓa kan kowa ba tukuna, wai har kana ɓata rai. Ni dai na goyi bayansa. Wanzamin da askarsa ba ta ci, azaba kawai yake gana wa mutane.

Askar da ya ba ka mai ninkewa ce, irin ta Solingen a Jamus, kuma ta fi ta maƙeranmu sauƙin wasawa, domin kaurin bayanta shi ke daidaita maka kwanciyar bakin. Ka kwantar da ita a kan dutse, baya da baki duk suna taɓawa. Ka tura ta bakin yana gaba, kamar mai son yanko siririn ɓawo daga jikin dutsen, kana ɗan janyo ta gefe don daga gindi har tsini ko'ina ya sami rabonsa. In ka kai ƙarshe, ka juya ta ta kan bayanta. Juyi ɗaya ta kan baki ya isa ya dakushe duk abin da ka yi.

Abin da ke kayar da sabon hannu shi ne dannawa, kuma na san ka da garaje. Bakin aska siriri ne ƙwarai. In ka danna sai ya lanƙwasa, dutse ya riƙa cin bayan kaifin, shi kuwa kaifin yana nan yadda yake, kai kana ta gumi. A dutsen ƙarshe ma nauyin askar kaɗai ya wadatar.

Duwatsun kanti suna da lamba mai nuna laushinsu, mai babbar lamba ya fi laushi. Mai 1000 shi ke fitar da baki, kuma a nan aikin yake. Kada ka bar shi sai aska ta fara ɗauke gashin hannunka a duk tsawonta. Mai 4000 da mai 8000 santsi kawai suke ƙarawa. Dutsen ruwa, wato wanda ake jiƙawa da ruwa, kada ka zuba masa mai. In tsakiyarsa ya yi kwari, ka goge shi ya miƙe kafin ka ɗora aska.

A kan fatar da ake goga aska in an gama da dutse kuwa, bayan askar ke gaba, in ba haka ba ka yanka wa baffanka fatar gugarsa, ka ji faɗa.

Sai tsabta. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, don haka askar da ta taɓa wani sai an wanke ta, an tafasa, an tsane ta sarai saboda tsatsa, sannan ta koma zabira.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. In za ka zo hutun salla ka taho da askar in gwada ta a gemuna. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka