Amsa ga mai tambayar "Mu maza fa?"

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan talauci, ka bugo waya ka ce: "Hajiya, don me duk tallafin da ya zo sai a ce na mata ne, alhali cefane namu, kuɗin haya namu?" Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ta kamata ba, shi ya sa na rubuto. Tambayarka ba ta ɓata min rai ba. Nauyin da ke wuyanka gaskiya ne, addini ma kai ya ɗora wa ciyarwa.

Amma ka dubi abin da ya faru a jihar Maraɗi ta Nijar. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka raba musu ba. Adashin da suka gada wurin iyaye aka yi wa gyara. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da suka amince a kai. Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta, ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko ta ɗaure rago ta kiwata shi har Babbar Salla, sannan ta biya. Shekara ta zagayo a raba abin da ya taru. Akwai kuma ɗan asusu na daban don ciwo da rasuwa. Ƙarin da ake ɗorawa kan rance ya dami masu gudun riba, shi ya sa wasu ƙungiyoyin suka sake tsarinsu ya dace da shari'a. Daga Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama, har ya tsallaka Asiya.

To Malam, ina kuɗin nan ke zuwa? Ka san lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, maigida yana can ci-rani bai aiko ba. Yara ba sa bin uba gari-gari su ce yunwa, zanen uwa suke ja. Idan akwai ɗari biyar a bakin zanenta, an ɗora tukunya. Zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ba sai an karyar da akuya ba kafin a kai shi asibiti. Yarinya kuma ta ajiye farantin talla ta koma aji. Wasu ƙungiyoyin har rumbun ajiya suka kafa, su sayi hatsi da kaka yana araha, su fitar da shi sa'ad da ya yi tsada.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Ƙasar Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, ta riƙa damƙa kuɗin tallafi a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta da asibiti.

Ban ce sana'ar ƙuli-ƙuli za ta maye gurbin taki, hanya, wutar lantarki da aikin yi ga maza ba. Waɗannan haƙƙinku ne a wuyan gwamnati, ina tare da ku wajen nemansu. Abin da ke ci min rai shi ne macen da ta tara jarinta da gumi, maigida ya ce "ranta min, gobe zan ba ki", goben kuwa ba ta zuwa. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta.

Don haka roƙona gare ka: idan matan unguwarku na da ƙungiya, ka bar uwargida ta je taron mako. Idan ka ranci kuɗinta, ka sa rana, ka biya kafin ranar zubi.

Wassalam,
'Yar'uwarka a Musulunci.