Wasiƙa zuwa ga iyayen yaran da muke kula da su kafin makaranta da bayan an tashi

Iyayenmu masu daraja, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne domin mu sanar da ku shawarar da muka yanke game da zangon karatu mai zuwa tare da dalilanta, tun da amanar 'ya'yanku ce a hannunmu, kuma bai dace ku tsinci labarin a bakin ƙofa ba. Ba za mu ƙara yawan yaran da muke karɓa ba, duk da cewa masu neman gurbi sun yi yawa, sannan za a yi ƙari a kuɗin wata domin mu riƙe malaman da muke da su.

Kun fi mu sanin abin da ya sa kuke kawo mana yara. Yawancin makarantun boko suna tashi tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, Islamiyya kuma sai wajen la'asar, alhali mai aiki a Sakatariyar Audu Bako ba ya tashi sai ƙarfe huɗu, ma'aikaciyar jinya a Asibitin Malam Aminu Kano sai ta miƙa aiki ga mai karɓarta, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa kuwa sai gab da magariba. A da, kaka ko matar wa ce take riƙe yaro a wannan tsakani, amma iyalai da yawa yanzu suna zaune su kaɗai a Hotoro ko Rijiyar Zaki, nesa da gidan gado.

Idan iyaye suka zo duba wuri irin namu, abin da ido yake fara kaiwa gare shi shi ne fenti da lilo da talabijin. Waɗannan suna da amfaninsu, sai dai a ganinmu ingancin kulawa yana rataye ne a kan yara nawa ke hannun malama ɗaya, da kuma tsawon lokacin da ta yi tare da su. A nan, malama ɗaya tana riƙe yara takwas idan ba su kai shekara shida ba, goma sha biyu idan sun haura haka. Ku ɗauki yaron da ya sauko daga adaidaita sahu a watan Agusta, kular abincinsa a rufe kamar yadda aka ba shi da safe, ya wuce ƙarshen tabarma ya kwanta ba tare da ya kula kowa ba. Malamar da ta san cewa wannan yaro shi ne mai cika ɗaki da surutu za ta taɓa goshinsa nan take, domin ta san damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, kuma kafin a yi kiran la'asar mahaifiyarsa ta samu waya. Wadda aka tara wa yara talatin, ko wadda ta fara aiki makon jiya, za ta ɗauka yaro ne mai natsuwa, har ma ta yaba masa. Haka nan mai cutar sikila, wanda ake bi da kofin ruwa a zafin Maris da Afrilu lokacin da ma'auni kan kai digiri 40, ake kuma tabbatar da rigar sanyinsa tana jikinsa da safiyar hunturu. Irin wannan sani yana tafiya ne da malama ranar da ta ajiye aiki, ko da an rubuta komai a fayil.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar malamar da take fitowa daga Kurna ko Sharaɗa yake cinye babban kaso na albashinta, kuma a 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000. Hanyoyi biyu ne a gabanmu: ko mu cika ɗakuna da yara mu bar kuɗin yadda yake, ko mu tsaya a adadinmu mu nemi ƙari daga gare ku. Mun zaɓi ta biyu, muna sane da cewa ba kowane gida ne zai ji daɗinta ba.

Game da ɗaukar yara, ƙa'idarmu tana nan daram, kuma muna roƙon a daina ganin laifin mai gadi. Ba ma miƙa yaro sai ga wanda sunansa da hotonsa suke cikin takardar da kuka cike, ko da yaron ya rugo da gudu yana kiran Kawu ko Gwaggo. Idan wani uzuri ya sa za ku aiko wani, mu ne za mu kira lambar da muke da ita mu ji daga bakinku, saƙon WhatsApp daga baƙuwar lamba ba ya wadatarwa. Mutanen Kano ba su manta da yaran da aka sace aka gano a Anaca cikin 2019 ba, haka nan da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe, lamarin da ya sa gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu a farkon 2022. Wannan na biyun ya nuna cewa haɗari yana iya fitowa daga cikin gida, shi ya sa ba ma ɗaukar ma'aikaci sai da mutum biyu da za su tsaya masa da kuma shaidar mai unguwarsu, kuma ba a barin babba shi kaɗai da yaro a ɗaki ƙofa rufe. Duka kuwa babu shi a nan, ko da uba ya ce ya ba da izini.

A fannin lafiya, muna neman katin rigakafin kowane yaro, domin cutar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi wa allura ba. Yaron da ya kwana da zazzaɓi ko gudawa a bar shi a gida. Ba ma ba da magani, ko farasitamol ne, sai da izininku a rubuce.

Wasu daga cikinku sun nemi mu mayar da sa'o'in rana darasi, da lissafi da Turanci har zuwa lokacin Islamiyya. Mun fahimci damuwar, amma ba mu amince ba. Yaron da ya tashi tun asuba, ya yi sa'o'i shida a aji, kuma hadda tana jiransa da yamma, abin da yake buƙata shi ne ya ci abinci, ya yi sallar azahar, ya ɗan runtsa, ya yi wasa. Muna ware minti arba'in domin aikin gida, malama tana zaune tana dubawa, ba tare da ta riƙe masa fensir ba, domin malamin ajinsa ya ga ainihin inda yake da rauni.

Ƙofarmu a buɗe take ga kowane uba ko uwa a kowane lokaci, ba sai an sanar da mu ba. Ku shigo ku ƙirga yara ku ƙirga malamai, ku leƙa banɗaki da madafa, ku duba ruwan da ake sha. Takardar sabon kuɗin za ta zo a jakar kowane yaro kafin hutu, kuma za mu zauna da ku ranar Asabar ta farko bayan an koma makaranta, da ƙarfe goma na safe, in Allah Ya kai mu. Wanda yake da yara fiye da ɗaya a wurinmu, ko wanda ƙarin zai yi wa nauyi, ya samu shugabar gida a ofis tun kafin ranar, maganar za ta tsaya tsakaninsu.

Wassalam.

Naku,
Masu gudanar da gida da ɗaukacin malamai