Chainar da ake faɗa a gida daban, wadda na gani daban

Malam Edita, assalamu alaikum, ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne har yanzu in aka ce Chaina a wajenmu abin da ke faɗo wa mutane a rai bai wuce kayan jabu da cin kare da maciji ba, wasu ma gani suke kamar ƙasa ce ta talauci da hayaƙi kawai. Ni ɗan kasuwa ne, harkar yadi ke kai ni Guangzhou, kuma wallahi abin da ido ya gani ya sha bamban da hirar majalisa.

Ka ɗauki Shenzhen kawai. Kafin 1980 da jagoran Chaina na lokacin, Deng Xiaoping, ya mai da wajen yankin kasuwanci na musamman ƙaramin gari ne na manoma da masunta, yau mutanen cikinsa sun haura miliyan 17, kuma tun 2017 duk bas ɗin haya na garin da lantarki suke tafiya, ka tsaya a bakin titi ba ƙarar inji ba baƙin hayaƙi. Daga Guangzhou jirgin ƙasa mai gudu zai kai ka can cikin kamar rabin awa, in tikiti ya ce ƙarfe tara to ƙarfe tara ɗin ne, ka makara kai ka sani. Layin irin wannan jirgi a ƙasar ya wuce kilomita dubu 40. Kuɗin hannu kuwa kusan an daina, hatta tsohuwa mai sai da ayaba a lungu da manhajar waya ta WeChat ko Alipay za ka biya ta.

Maganar jabu ita ta fi ci min rai domin rabin laifin namu ne. Masana'anta ɗaya za ta nuna maka kaya aji uku, mai kyau da matsakaici da na ƙasa, ɗan uwanmu ya zaɓi na ƙasan saboda riba ya loda kontena ya kawo Kwari, in ya koɗe a wanki biyu a ce ai ɗan Chaina ne. Duk wanda ya taɓa shiga baje kolin Canton Fair na Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ya san Turawa da Larabawa a wajen suke sarin kayan da muke yabawa in sun biyo ta Dubai.

Abinci ma ba matsala, a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou gidajen abincin halal sun yi yawa, Musulmin ƙasar 'yan ƙabilar Hui suna sai da taliya da naman sa, ga masallacin Huaisheng da ake lissafawa cikin mafi tsufa a ƙasar.

Amma fa kar a ce na zo tallar Chaina. WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke, sai da VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, kake jin muryar iyalinka ta WhatsApp, kamara ko'ina, 'yan sanda na iya tare ka su ce fasfo, kuma ba kowane otal ke karɓar ɗan ƙasar waje ba. Ba mu manta Afrilun 2020 ba lokacin korona da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya a Guangzhou suna kwana a titi, har Femi Gbajabiamila yana kakakin majalisar wakilai ya kira jakadan Chaina a Abuja. Ga batun take haƙƙin Musulmin ƙabilar Uyghur a yankin Xinjiang da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kai a 2022, wannan ba abin da dogayen benaye za su rufe ba ne, kuma a can ba wanda zai yarda ya yi maka maganar a fili.

Roƙona Malam Edita, don Allah ku ware shiri ko shafi ku gayyato 'yan kasuwa da ɗalibanmu da suka zauna a Guangzhou da Yiwu su faɗi abin da suka gani da bakinsu, daɗi da wuya, har da yadda ake neman biza da yadda dillalai ke cutar sabon zuwa, domin samari da yawa suna sai da fili su tafi ba su san komai a kai ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyarku, ɗan kasuwa daga Kano.