Amsa ga Alhajin da ya tambaya: ta yaya ake cin akwati a rasa magajin gari?

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kuna lafiya tare da iyali, ya kasuwa, ya sanyin Tawa.

A shirin rediyon da ake buɗe wa masu saurare layi, kun kira kun jefo mana tambaya, mu da muka yi aikin horar da wakilan rumfunan zaɓe. Kun ce a ƙaramar hukumarku, jam'iyyar da ta fi kowa ƙuri'a a zaɓen 2020 ba ita ta ba da magajin gari ba. Kun ce in wannan ba sata ba ce, to mene ne sunansa, kuma in zaɓe ya dawo me zai hana a maimaita. Minti biyun da aka ba mu a iska ba su isa ba, shi ya sa muka zauna muka rubuta.

A tsarin da aka yi zaɓen 2020 da shi a Nijar, zaɓen ƙaramar hukuma sau biyu ake yin sa, Alhaji. Na farko shi ne wanda kuka bi layi dominsa ranar 13 ga Disamba 2020. A ranar kansiloli kuka zaɓa, ba magajin gari ba. Na biyu ana yin sa bayan an tabbatar da sakamako, a cikin ɗaki ɗaya, inda kansiloli ke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu, da ƙuri'ar sirri. Sarakuna da 'yan majalisar dokoki na yankin suna da wurin zama a majalisar, ana jin shawararsu, amma ba su jefa ƙuri'a. Mafi yawan ɓacin ran da ke biyo bayan zaɓe yana fitowa ne daga tsakanin waɗannan ranaku biyu, lokacin da jama'a suka koma gida suna ganin aiki ya ƙare.

Bari mu fara da rabon kujeru, don a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ana zaɓen jerin sunaye ne na jam'iyya, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowane jeri. Ga misali na koyarwa, ba na wani gari ba. A ɗauka ƙaramar hukuma mai kujeru 11, wanda shi ne mafi ƙarancin adadi, kuma bayan an cire ƙuri'un da suka lalace an samu masu kyau 11,000. Jam'iyyu biyar suka shiga, mu kira su da sunan amfanin gona: Gero 4,300, Dawa 2,900, Wake 1,900, Albasa 1,150, Gyaɗa 750.

Da farko ana raba 11,000 gida 11, sai a samu 1,000. Wannan shi ne kuɗin kujera ɗaya. Gero ta sayi huɗu, Dawa biyu, Wake ɗaya, Albasa ɗaya, Gyaɗa ba ta kai ba. Kujeru takwas ke nan, saura uku. Su waɗannan ukun ba a ba wanda ya fi ragowar ƙuri'a, kamar yadda da yawa ke zato. Ana ɗaukar dukan ƙuri'un kowace jam'iyya, a raba su da adadin kujerun da ta riga ta samu haɗe da ɗaya. Gero: 4,300 gida biyar, 860. Dawa: 2,900 gida uku, kusan 967. Wake: 1,900 gida biyu, 950. Albasa 575, Gyaɗa 750. Kujera ta tara ta tafi ga Dawa. Sai a sake wa Dawa lissafi da sabon adadinta, ta faɗo 725, ta goma ta tafi ga Wake. Ta sha ɗaya ta koma ga Gero da 860. An tashi Gero 5, Dawa 3, Wake 2, Albasa 1, Gyaɗa babu.

Yanzu ku duba da kyau. Gero ta zo ta ɗaya da rata mai yawa, magoya bayanta sun yi ta kiɗa har asuba. Amma rinjaye a majalisa mai mutum 11 shida ne, ita kuwa biyar gare ta. In Dawa da Wake da Albasa suka haɗa kai, shida suke, kuma ƙuri'un da ke bayansu 5,950 ne, sun fi na Gero da 1,650. Magajin garin da ya fito daga wannan haɗin ba ɓarawo ba ne. Mutanen da ba su zaɓi Gero ba sun fi waɗanda suka zaɓe ta yawa. Abin da ya kamata ya dame ku shi ne kansilan Albasa, mutum guda, mai ƙuri'u 1,150, wanda a hannunsa makullin garin yake. Duk inda ya karkata can rinjaye yake, kuma kowa ya san haka, har shi kansa.

Akwai wani abu a cikin misalin da muke so kowane wakilin rumfa ya haddace. In ƙuri'u 100 kacal suka tashi daga Gero suka koma Gyaɗa, Gero ta faɗo 840 a lissafin ƙarshe, Gyaɗa ta hau 850, kujera ta sha ɗaya ta sauya hannu. Ƙuri'a ɗari kuwa rumfa ɗaya ce ta wani ƙauye ko wata ruga da babu wanda ya tura wa wakili saboda nisa. Saboda haka in ana neman inda maguɗi ke iya shiga, a nan ne, a takardar sakamakon rumfa da ake kira PV. Wakili ya je da takardar shaidar wakilcinsa tun kafin a buɗe rumfa, ya ga akwati babu kome kafin a rufe shi. Da yamma, kafin a fara ƙirga na kowace jam'iyya, a ƙirga mutanen da suka sa hannu ko suka dangwala a kundin masu zaɓe, a ƙirga abin da ke cikin akwati, a ga sun yi daidai. In ba su yi daidai ba, a rubuta bambancin a jikin PV nan take. Ƙuri'ar da aka ce ta lalace a ɗaga ta kowa ya gani, domin kowace ƙuri'a da aka soke tana rage wa wani jeri kuma tana sauya kuɗin kujera. Kada wakili ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko da an ce dare ya yi, mota za ta tashi. Ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa da waya, wani kuma ya bi sakamakon har inda hukumar zaɓe, CENI, ta ƙaramar hukuma ke tattarawa. A dokar da aka yi zaɓen 2020 da ita, ƙarar zaɓen kansiloli babbar kotun yanki ke duba ta, wa'adin shigar da ita gajere ne, kuma alƙali takarda yake karantawa. Ƙorafin da aka yi da baki a gindin bishiya, ba a rubuta shi a PV ba, da wuya ya yi amfani.

Kurakurai biyu kuma jam'iyyu ke yi wa kansu tun wajen haɗa jeri. Kujeru daga saman jeri ake rabo, to in aka sa mutumin da garin ke so a lamba ta bakwai don a faranta wa masu kuɗi, jam'iyya ta ci biyar, ya zauna a waje. Dokar kason mata da aka gyara a 2019 ta kai shi kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe, wato mace ɗaya aƙalla cikin kowane huɗu, wanda bai yi lissafi da wannan ba zai ga sunan da ya dogara da shi ya zame. Na biyu, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta shar'anta cewa magajin gari sai mai takardar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, ko makamanciyarta. Jam'iyya na iya cin kujeru mafi yawa a karkara, a duba cikin zaɓaɓɓunta a rasa mai takardar da kowa ya yarda da shi, dole ta miƙa wuya ga na ƙawarta.

Sai batun sauya sheƙa, wanda shi ne rabin amsar tambayarku. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya.

Akwai tsagewar da ke farawa daga sama. MNSD-Nassara ce ta haifi Moden Lumana ta Hama Amadou a 2009, ta kuma haifi MPR-Jamhuriya ta Albade Abuba a 2015. A shekarar ce kuma Ibrahim Yakuba ya kafa MPN Kishin Ƙasa bayan rabuwarsa da PNDS-Tarayya. Mahamane Ousmane, wanda aka san shi da CDS-Rahama, a ƙarƙashin RDR-Canji ya yi takarar 2020. In jigo ya tashi, da mutanensa na kowane gari yake tashi. Shi ya sa wanda ya ɗora sakamakon 2011 kusa da na 2020 ya ce jama'ar gari kaza sun juya wa jam'iyya kaza baya, sau da yawa ya yi kuskure: mutanen nan ɗan takararsu ɗaya suka bi, tutar ce ta canza. A sakamakon da CENI ta bayar na 2020, cikin kujeru 4,246 na ƙananan hukumomi 266, PNDS ta samu 1,799, MNSD 358, MPR 356, Lumana 268. Ku haɗa ukun nan na baya, waɗanda dā gida ɗaya ne, kun samu 982. Ku lura kuma ita kanta wadda ta zo ta ɗaya ba ta kai rabin kujerun ƙasa ba. A irin wannan rabo, ƙawance ba abin kunya ba ne, dole ne a wurare masu yawa, har a jaharmu ta Tawa da aka sani da ƙarfin Tarayya.

Akwai kuma lokacin da ƙawance ya watse a Yamai, girgizarsa ta iso majalisun gari. Birnin Yamai kansa ya isa misali. Umaru Dogari na Lumana ya zama magajin garin bayan zaɓen 2011. A watan Agusta 2013 Lumana ta fice daga ƙawancen da ke mulki, a watan Satumba majalisar ministoci ta sauke shi. Gwamnati ta kafa hujja da yadda aka tafiyar da dukiyar birnin, magoya bayansa suka ce siyasa ce. Wanda ya gaje shi, Assane Seydou, shi ma an sauke shi a 2017, aka rusa majalisar birnin, aka naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Muktar Mamudu. Da aka yi zaɓen 2020 Lumana ta sake zuwa ta ɗaya a Yamai, Dogari ya koma kujerarsa a 2021. Duk jujjuyawar da aka yi kafin 2020 ta faru ba tare da an koma ga masu zaɓe ba, domin wa'adin kansiloli shekara biyar ne amma aka yi ta ɗage zaɓe, waɗanda aka zaɓa a 2011 suka kai kusan shekara goma. Majalisar da ta daɗe haka, rabon kujerunta ya daina kama da ra'ayin garin.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ciwo, kuma shi ne ya cancanci sunan da kuka kira. Kansila ya ci kujera da sunan jam'iyya, ya shiga ɗaki, ya jefa wa abokin hamayya. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, a mataki na 87 ya ce ɗan majalisar dokokin da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mai jiran gurbinsa ya hau. Amma irin wannan doka wanda ya fita a fili take kamawa. Mai cin amana a ƙuri'ar sirri ba ya murabus, yana fitowa ya taya ku jimami. Jam'iyya mai shida ta tashi da biyar, kowa ya rantse ba shi ba ne. Daga nan aka samo al'adar killace kansiloli a gida ɗaya a kwashe musu wayoyi har safiyar zaɓe, da ta sa su rantsuwa da Alƙur'ani. Mu abin yana ba mu takaici ƙwarai, domin wakilin da sai an kulle shi kafin ya riƙe amana, tun wajen sa sunansa a jeri aka yi kuskure. Haka kuma ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda aka tanada don a sauke magajin garin da ya gaza, takan zama makamin sabon ƙawance.

To me zai hana a maimaita? A yanzu babu majalisun: an rusa su a watan Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo, an kuma rusa jam'iyyu a watan Maris 2025. Duk ranar da aka zo rubuta sabuwar dokar zaɓe, ga inda muke ganin ya kamata a sa ido. Wasu ƙasashen yankinmu sun gwada hanyoyi. Senegal tun zaɓen Janairu 2022 jama'a ke zaɓen magajin gari kai tsaye. Benin a 2020 ta ba jam'iyyar da ke da fiye da rabin kansiloli ikon naɗa shi. Kowace da tsadarta: magajin garin da jama'a suka zaɓa amma ba shi da rinjaye a majalisa zai sha wuya wajen kasafin kuɗi, naɗin jam'iyya kuwa yana mayar da ikon gari ga ofishin da ke babban birni.

Mu ra'ayinmu a bar rabon kujeru yadda yake, domin yana ba ƙananan ƙauyuka da makiyaya damar samun murya, a gyara rana ta biyu. Kowane jeri ya bayyana ɗan takararsa na magajin gari tun lokacin ajiye takardu. Ƙawance a rubuta shi a ajiye kafin zaɓe, yadda mai jefa wa Albasa zai san inda ƙuri'arsa za ta kwana. Zaɓen magajin gari a yi shi a bainar jama'a, a kira sunan kowane kansila ya faɗi wanda ya zaɓa, a rubuta. Mun san wannan yana da haɗari, domin kansila mai gaskiya zai ji tsoron saɓa wa manyan jam'iyyarsa ko da sun kawo wanda bai dace ba. Mun auna, mun ga gara ya saɓa a fili ya yi wa mutanen garinsa bayani. A kuma hana ɗage zaɓen ƙananan hukumomi sai da dalilin da kotu ta amince da shi.

Game da garinku kuwa, Alhaji, ku nemi abu uku kafin ku yanke hukunci: yawan kujerun majalisar, rabon da kowane jeri ya samu, da adadin ƙuri'un da magajin gari ya samu ranar da aka zaɓe shi. In ƙuri'unsa sun yi daidai da jimillar kujerun jam'iyyun da suka mara masa baya, ƙawance ne ya kayar da ku. In sun haura, to daga cikinku wani ya fita. Ku aiko mana da alƙaluman ta gidan rediyon, za mu yi lissafin tare da ku a iska.

Allah ya ƙara girma, a gaida mutanen gida.

Naku,
wasu masu horar da wakilan rumfunan zaɓe, Tawa