Ɗana soja ya dawo gida, ga abin da na gani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka. Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu manomi, a wani ƙauye na ƙasar Gumel. Ban saba rubuta wa jarida ba, amma abin da ya cika mini ciki a makonnin nan ya fi ƙarfin hirar dandali.

Ranar wata Alhamis ina kasuwar Maigatari, na kai buhu biyu na riɗi, sai waya ta yi ƙara. Ɗana na fari ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, na wuce Potiskum." Duk wanda ya san hanyar Maiduguri zuwa Damaturu ya san dalilin da ya sa bai kira ba sai da ya baro ta a baya. Na tsaya a tsakiyar kasuwa riƙe da waya, dillali yana ta yi mini maganar farashi, wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba. Shekara uku da wata huɗu rabonmu da shi.

Ya iso bayan isha'i, a kan acaɓa daga Gumel, da jaka ɗaya, ba kaki a jikinsa. Ya zo ya durƙusa gabana a zaure. Na so in yi magana mai yawa, abin da ya fito shi ne "sannu da hanya", na ɗora hannu a kansa na ji har ya fara furfura. Mahaifiyarsa kuwa, ka san kunyar ɗan fari a wajenmu, tun da ta haife shi ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Da ya shiga gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango, ta ce a kawo masa fura. Sai da ya fita ta shige ƙuryar ɗaki, ta yi sujada, ta yi kukan da ta riƙe shekaru. Ƙanwata ce ta rangaɗa guɗa, unguwa ta ɗauka.

Washegari aka yanka ragon da uwar ta yi kiwo da sunan wannan rana. An sauke Alƙur'ani a masallacin ƙofar gida, an raba waina sadaka. Mutane suka yi ta zuwa barka da arziki har daga ƙauyukan da ban zata labarin ya kai ba. Dagaci da kansa ya taka ya zo. Yara suka kewaye shi suna sara masa.

Ba zan ɓoye ba, ban so ya shiga soja ba. Lokacin da ya kawo mini maganar a 2015, na ce masa gona ba ta ƙare ba. A tasowarmu, wanda ya ƙi noma ko ya gagari iyaye shi ake cewa ya tafi soja. Ya yi ta turo mini kawunnansa har na sa albarka. Ya yi wata shida yana kurtu a Zariya, daga nan aka tura su Barno, lokacin ana kiran aikin Lafiya Dole, kafin a mayar da sunan Haɗin Kai a 2021. Sunayen da da ban san su ba suka zama kamar sunayen unguwanninmu: Monguno, Baga, Damboa, Gwoza, dajin Sambisa. Kullum da asuba rediyo na kunne. Da aka kai harin Metele a watan Nuwamba na 2018, kwana tara wayarsa ba ta shiga, kuma ba mu san a wane sansani yake ba. A kwanakin nan tara tuwo ya riƙa kwana a kwano a gidana. Yau ga shi zaune a kan tabarmata da igiyar kofur. Idan ana hira aka ce wasu garuruwan Barno mutanensu sun koma suna noma, nakan ji a raina cewa da gumin ɗana a ciki. Wannan alfahari ba na jin kunyar faɗinsa.

To amma bayan an watse, an wanke tukwane, mu da muke kwana gida ɗaya da shi mun ga abin da 'yan barka ba su gani ba. Ba ya barci sai gab da asuba. Duk inda zai zauna sai bayansa na jingine da bango, idonsa a ƙofa. Rannan salansar wani babur ta yi ƙara a bayan gida, kafin mu ankara ya kwanta rub da ciki a tsakar gida, a gaban ƙannensa. Ya tashi yana karkaɗe riga, kunya ta rufe shi. Na ce wa yaran duk wanda ya yi dariya ni da shi ne.

Na taɓa ganin irin wannan. Wan mahaifina yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu, suka kai su ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama. Ya dawo bayan yaƙi ya ƙare a 1945 da lambobinsa a cikin gwangwani. Na taso na same shi yana zama shi kaɗai a gindin tsamiya, ba ya son hayaniya, mutane suna cewa iska ce ta taɓa shi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke damunsa har ya koma ga Allah. Ba na so jikansa ya ƙare haka. Masu cewa sammu ne ko aljanu, na gode da kulawa, addu'a kuwa muna yi dare da rana. Amma na sa shi ya yi mini alkawarin zai ga likitan ƙwaƙwalwa idan ya koma, domin abin da ido ya gani a fagen daga ciwo ne, kuma yana da masu maganinsa.

Ga 'yan'uwana mutanen karkara ina da roƙo. Ku daina tambayar yaran nan mutum nawa suka kashe. Saurayi ya tare shi a majalisa da wannan tambaya, na ga yadda fuskarsa ta canza, ya tashi ya bar shayinsa. Sannan a rage kai musu kuka. Kwana biyu da zuwansa aka fara sallama: wannan kuɗin taki, wancan kuɗin asibiti, wani a samar wa ɗansa hanyar shiga soja. Albashin kofur ne fa, yana da mata da 'ya'ya biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan maƙwabcina. Ɗansa ya riga nawa shiga da shekara ɗaya, kuma bai dawo ba. Labarin ma a Facebook ƙanensa ya fara gani, wani mara tausayi ya sa hoton gawa. Ranar walimarmu dattijon nan ya zo, ya zauna, ya ci, ya yi addu'a mai tsawo, ya riƙe hannun ɗana ya daɗe bai saki ba. Na kasa haɗa ido da shi. Duk ranar 15 ga Janairu muna ji a rediyo ana tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi. Wannan dattijo jikoki uku marayu yake ciyarwa da gona ɗaya. Ina kira ga hakimai da dagatai da limamai su san irin waɗannan gidaje a ƙasarsu, su sa su a gaba lokacin zakkar hatsi. Waɗanda abin ke hannunsu kuma, don Allah a tsayar wa yaran nan lokacin hutu sananne, kada uwa ta shekara uku tana kiwon rago ba ta san ranar yanka shi ba. Idan ƙaddara ta faɗa wa soja, a aiko mutum ya zauna da iyayensa ya gaya musu kafin waya ta riga shi.

Hutun nasa wata ɗaya ne, saura kwana tara. An yi masa canji zuwa barikin Bukavu a Kano, inda mota ɗaya za ta kai mu. Jiya da safe ya karɓi lauje daga hannun ƙanensa, muka tafi yankan dawa. Da rana ta take muka zauna a inuwar gawo, kafin in gama alwala na waiwaya na ga barci ya ɗauke shi, hularsa a kan fuska. Na hana kowa tashinsa har la'asar.

Wassalam.

Naka,
Wani uba daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa