Wasiƙa zuwa ga aminina a Kano

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Ka tambaye ni ya akayi jam'iyyar Trump ke riƙe da majalisun nan biyu ga fadar shugaban ƙasa a hannunsu amma gwamnatin Amurka ta rufe har kwana 43, toh maganar tafi ƙarfin saƙon waya shiyasa na zauna na rubuto maka.

Sanatoci 100 ne a majalisar dattawansu, a lokacin Rifablikan, jam'iyyar Trump, nada 53. Amma yawancin dokoki ba a kaɗa musu ƙuri'a sai an rufe muhawara tukuna, rufewar kuma sai sanata 60 sun yarda, kaga indai mutum 41 suka kafe toh ba inda zaa je, wannan shine filibasta. 'Yan Demokarat sun ga yadda aka wuce da babbar dokar haraji a watan Yulin 2025 ta wata hanya ta musamman da bata buƙatar 60, har sai da mataimakin shugaba Vance ya raba gardama 51 da 50, sai suka jira inda dole a neme su, wato kuɗin tafiyar da gwamnati. Sukace ba zasu bada ƙuri'a ba sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya ta Obamacare. Daga 1 ga Oktoba 2025 har 12 ga Nuwamba ana wannan ja-in-ja, ma'aikata ba albashi, tallafin abincin talakawa ya samu tsaiko, har jiragen sama aka rage. Ƙarshe mutum 8 daga ɓangaren Demokarat suka balle aka cika 60, abinda suka samu kawai alkawarin zaa yi ƙuri'a kan tallafin a Disamba, anyi kuma bata kai 60 ɗin ba.

Abinda yake cimin rai wallahi shine sanatan da ya tare hanya baya shan wata wahala. Da can sai ka miƙe tsaye kana magana ba zama ba fita, Strom Thurmond a 1957 awa 24 da minti 18 yayi yana zuba don kawai ya hana dokar 'yancin baƙaƙen fata, a 1964 ma sanatocin kudu sun riƙe majalisa wajen kwana 60 kafin a karya su da ƙuri'a 71 da 29. Mugun aiki ne sukayi amma dai duniya ta ga fuskarsu ta ji abinda suke karewa. Yanzu kuwa sanarwa kawai zakayi cewa baka yarda ba ka koma ofis, albashinka na shiga, mai gadin filin jirgi ne zaizo aiki ba biya.

Trump yayi ta matsa wa 'yan jam'iyyarsa su soke tsarin gaba ɗaya, shugaban masu rinjaye John Thune yaƙi, kuma ni na gane dalilinsa. A 2013 Harry Reid na Demokarat ya cire sharaɗin 60 kan naɗin alƙalan ƙananan kotuna da muƙaman gwamnati, shekara huɗu bayan nan McConnell na Rifablikan ya bi ta wannan ƙofar ya cire na Kotun Ƙoli ya shigar da alƙali Gorsuch. Kowa yasan gobe zai iya komawa marar rinjaye.

Ni dai bana so a soke shi, mu da muka ga yadda majalisarmu ta amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas a Maris 2025 da ƙuri'ar murya alhali tsarin mulki kashi biyu cikin uku ya nema, ai bazamu raina abinda zai tilasta a ƙirga kawuna ba. Amma a dawo da tsayuwar, wanda zai tare doka ya tsaya ya faɗi dalili da bakinsa har ƙafarsa ta gaji.

Rubuto min ra'ayinka, nasan kai da Thune zaka goya wa baya. Ka gaida mutanen majalisarmu ta ƙofar gida da su Abba da Ummi, sai na ji ka.

Naka har kullum.